Tarin Tuhuma Da Ma'aunin Mutum Goma Sha Biyu

Sau da yawa mu kan ji a labaran duniya an ce an gurfanar da wane a Ingila ko Amurka bisa laifuffuka kaza, an same shi da wasu, an wanke shi daga wasu, sauran kuwa an tashi ba a yanke kome a kansu ba. Mai sauraro ya kan yi tsaki ya ce wannan wace irin shari'a ce, shin mutumin mai laifi ne ko kuwa a'a? Abin da mu ke so mu duba ke nan a wannan mako, domin a ganinmu hukuncin da ya fito a rarrabe haka galibi alama ce ta an auna ko wace tuhuma ita kaɗai. Wannan awon ɗai-ɗai kuwa shi ne abin da ya fi kome wuya idan an tara wa mutum guda laifuffuka da yawa a zama guda.

Ga misali. Paul Manafort, wanda ya shugabanci yaƙin neman zaɓen Donald Trump na ɗan lokaci a 2016, ya tsaya gaban kotun tarayya a jihar Birjiniya a 2018 bisa tuhuma 18, duka a kan kuɗi. An ce ya ɓoye abin da ya samu daga aikin ba da shawara a ƙasar Yukren don gudun haraji, ya ɓoye ajiyarsa ta bankunan waje, ya kuma yi wa bankuna ƙarya don su ba shi rance. Maza 6 da mata 6 suka shiga ɗaki suka yi kwana 4 suna shawara. Ran 21 ga Agusta suka fito suka ce sun same shi da laifi 8: biyar na haraji, biyu na yaudarar banki, ɗaya na ɓoye ajiya. Sauran 10 kuwa bakinsu ya ƙi haɗuwa. Daga baya wata daga cikinsu ta faɗa a talabijin cewa a kan goman nan mutum 11 sun gamsu ya yi laifi, mutum ɗaya ne ya tsaya ya ce shi bai gamsu ba. Wannan mutum ɗaya ya yarda da 'yan'uwansa sau 8, ya saɓa musu sau 10, kuma doka ta ba shi wannan dama.

Su waɗannan mutane 12 su ne Turawa ke kira juri. Kada mai karatu ya ɗauke su daidai da muhutan alƙali na zamanin da, domin muhuti malami ne da ya san littafi, yana zaune ne don ya taimaki alƙali da saninsa. 'Yan juri kuwa mutanen gari ne, a kan tsamo sunayensu da ƙuri'a daga rajistar masu zaɓe da makamantanta, a samu direba da malamar makaranta da mai kanti da akawu a benci guda. An raba aiki biyu. Alƙali shi ke faɗin abin da doka ta ce, shi ke yanke wace shaida za ta shiga, shi ke yanke ɗauri a mafi yawan wurare. Su kuwa tambaya ɗaya a ke yi musu: shin lauyan gwamnati ya tabbatar da laifin har babu sauran kokanto mai dalili? Su kan keɓe a ɗaki su kaɗai, ba alƙali ba lauya, sa'an nan su fito da amsa ba tare da sun faɗi dalili ba. A Amurka, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2020 a kan wata ƙara daga jihar Luwiziyana, ba a samun mutum da babban laifi sai bakinsu duka ya zo ɗaya. A Ingila tun 1967 alƙali na iya karɓar ra'ayin mutum 10 cikin 12, bayan sun yi a ƙalla awa 2 sun kasa haɗuwa. Kuma a Ingila laifi ne ɗan juri ya fito ya faɗi abin da aka tattauna a ɗaki, a Amurka kuwa bakinsa a buɗe ya ke bayan an gama, shi ya sa mu ka san labarin mutum ɗayan nan na shari'ar Manafort. 'Yan'uwanmu mazauna Akara da Kumasi sun san tsarin, don a Ghana mutum 7 ke zama a shari'ar kisan kai. A Nijeriya kuwa alƙali ne ke auna shaida da kansa, ya rubuta dalilinsa.

To, me ya sa a ke haɗa tuhuma da yawa a shari'a guda? Dalilin a fili ya ke. Shaidu galibi su ne su, takardu su ne su, kuma idan aka ce ko wace tuhuma sai an yi mata nata zama, kotu ba za ta gama ba, shi kansa wanda a ke tuhuma zai ƙare rayuwarsa yana jeka-ka-dawo. Saboda haka ƙa'ida ta 8 ta tsarin shari'ar laifuffuka a kotunan tarayyar Amurka ta yarda a haɗa laifuffukan da su ke iri ɗaya, ko waɗanda suka fito daga aiki ɗaya ko shiri ɗaya. Ƙa'ida ta 14 kuma ta ba alƙali ikon raba su idan ya ga haɗawar za ta cuci wani ɓangare. Ingila ma haka tsarinta ya ke a dunƙule.

Amma fa tarin tuhuma iri-iri ne. Akwai inda aiki ɗaya ne aka ba shi sunaye da yawa, don idan babban bai tabbata ba ƙaramin ya tabbata. Haka aka yi wa ɗan sandan nan Derek Chauvin, wanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa fiye da minti 9 a birnin Minneapolis ran 25 ga Mayu, 2020. Rai ɗaya ya salwanta, tuhuma 3 aka shigar, iyakar ɗaurinsu shekara 40 da 25 da 10, ko wacce da irin halin zuciyar da a ke bukatar a tabbatar. 'Yan juri suka same shi da duka ukun ran 20 ga Afrilu, 2021, bayan shawarar kimanin awa 10. Wannan bai cika wuya ba, don shaida ɗaya ce a ke dubawa ta fuska uku.

Inda wuyar ta ke shi ne idan ayyukan daban-daban ne, mutanen da aka cuta daban-daban, kwanaki daban-daban. A nan alƙali ya kan gargaɗi 'yan juri da babbar murya cewa su ɗauki ko wace tuhuma kamar ita kaɗai ce a gabansu, kuma abin da suka yanke a kan ɗaya kada ya ja su a kan wata. A kan ba su takarda mai layi-layi, ko wace tuhuma da gurbinta, shugabansu ya cike ya sa hannu. 'Yan kasuwa za su gane wannan da sauri. Wanda ya sayi buhu 20 na gyaɗa, idan mai hankali ne, ko wane buhu zai ɗora a sikeli, ba zai auna uku ya ce sauran ma haka su ke ba, ko ukun sun cika ko sun yi rauni.

Shari'ar Elizabeth Holmes ta nuna yadda wannan awo ya ke idan an yi shi da kyau. Ita ce ta kafa kamfanin Theranos a jihar Kalifoniya, ta ce ta ƙera na'urar da za ta yi gwaje-gwajen jini masu yawa da ɗan ɗigon da aka tsaga daga yatsa. Attajirai suka zuba kuɗi, na'ura kuwa ba ta yin abin da aka ce. Tuhuma 11 aka miƙa wa 'yan juri, wasu a kan yaudarar masu zuba jari, wasu a kan yaudarar majinyatan da aka yi wa gwaji. Ran 3 ga Janairu, 2022, bayan kwana 7 suna shawara, suka same ta da laifi 4 na masu jari, kuɗin da ke ciki ya haura dala miliyan 140. Suka wanke ta daga 4 na majinyata. Suka kasa haɗuwa a kan 3 da suka shafi waɗansu masu jari daban. Duk wanda ya bi shari'ar zai ga hanyar da suka bi. Masu jari ita da bakinta ta yi musu bayani, akwai takardu, akwai muryarta da aka naɗa. Majinyata kuwa tsakaninta da su akwai likitoci da ma'aikatan ɗakin gwaji, zaren da zai haɗa ta da niyyar cutarsu bai yi ƙarfi ba. Mutane da yawa sun ji haushi, don a zuciyar kowa cutar majinyaci ta fi cutar attajiri muni. Mu ma haka mu ke gani. Amma ba a tambayi 'yan juri wanne ya fi muni ba, an tambaye su ne wanne ya tabbata.

Sai dai kada mu ɗauka kullum haka abin ya ke tafiya. Zuciyar ɗan Adam ba ta da ɗakuna 18 da za a kulle ko wace shaida a nata. Mutum ya zauna mako 3 yana jin an ce wane ya yi wannan, ya yi wancan, ya kuma yi wancananka, tun ba a kai ƙarshe ba sai zuciyarsa ta fara raya masa cewa ruwa ba ya tsami banza. A shekarun 1980 waɗansu masana biyu a Amurka, Sarah Tanford da Steven Penrod, sun jarraba wannan. Suka shirya shari'o'in gwaji, waɗansu mutane suka ga tuhuma ita kaɗai, waɗansu suka ga ita ɗin dai amma haɗe da wasu. Shaidar ba ta canja ba, amma waɗanda suka gan ta a haɗe sun fi saurin cewa ya yi laifi. Babban abin da ya jawo haka shi ne sun riga sun yanke a ransu cewa mutumin mugu ne, kuma gargaɗin alƙali bai yi wani tasiri mai yawa ba. A 2006 kuma Andrew Leipold da Hossein Abbasi suka bi ainihin shari'o'in kotunan tarayya, suka ga wanda aka tara wa tuhuma ya fi wanda ke da ɗaya haɗarin a same shi da mafi girmanta da kimanin kashi 10 cikin 100. Watau tuhuma mai rauni ta kan jingina da mai ƙarfi ta miƙe, raunana guda biyar kuma su kan haɗa kai su yi kama da hujja. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a wurin shaida wannan ba abin alfahari ba ne.

Akwai kuma wata cuta da ba a cika lura da ita ba. Mai yiwuwa wanda a ke tuhuma yana da kyakkyawan bayani a kan tuhuma ta farko, yana so ya shiga akwatin shaida ya faɗa, amma a kan ta biyu shiru ya fi masa, kuma doka ta ba shi ikon yin shirun. Da an raba su, da ya yi magana a nan ya yi shiru a can. Tun da an haɗa, in ya shiga akwati lauyan gwamnati zai yi masa tambaya a kan duka, in ya ƙi shiga ya rasa bayaninsa.

Ko da ya ke haka ne, doka ba ta ce a toshe ido ɗungum ba. Akwai lokacin da aukuwar abu sau da yawa ita kanta shaida ce. A 1915 aka gurfanar da George Joseph Smith a Landan bisa kisan mace ɗaya, Bessie Mundy, wadda aka tarar ta mutu a bahon wanka a 1912 bayan sun yi aure. Shi ya ce haɗari ne. Amma kotu ta yarda 'yan juri su ji cewa wata amaryarsa ta mutu a baho a 1913, wata kuma a 1914, kuma ko wace mutuwa ta bar masa kuɗi ta hanyar wasiyya ko inshora. Mace ɗaya ta nutse a baho, wannan ƙaddara ce da kan auku. Uku a jere, miji ɗaya, riba ɗaya, hankali ba zai ɗauka ba. Aka same shi da laifi, aka rataye shi a wannan shekara. Har yau a Ingila, a ƙarƙashin dokar 2003, alƙali na iya gaya wa 'yan juri cewa shaidar wannan tuhuma za ta iya taimaka musu a kan waccan, idan kamannin sun kai yadda ba za a ce dacewa ce kawai ba.

Wannan ƙofa kuwa ita ce ta halaka Sally Clark, kuma ya kamata mu tsaya a kanta. Lauya ce a Ingila. Ɗanta na fari ya mutu a Disamba 1996 yana da mako 11, na biyu ya mutu a Janairu 1998 yana da mako 8. Aka tuhume ta da kashe su duka, aka haɗa tuhumar biyu a shari'a guda a garin Chester a 1999. Wani babban likitan yara, Roy Meadow, ya shaida wa kotu cewa a gida irin nata jariri 1 cikin kimanin 8,500 ne ke mutuwar fuju'a a shimfiɗarsa. Sai aka ninka wannan adadi da kansa, aka ce mutuwa biyu a gida ɗaya sau 1 ce cikin miliyan 73. 'Yan juri suka same ta da laifi, mutum 10 suka rinjayi 2, aka yi mata ɗaurin rai da rai.

Lissafin nan kuskure ne, kuma ba sai mutum ya yi karatun boko mai zurfi zai gane ba. Ninka adadi da kansa yana halatta ne idan abubuwan biyu ba su da alaƙa, kamar jefa kwabo sau biyu. 'Ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya kuwa jininsu ɗaya, ɗakinsu ɗaya, abin da ya kashe na fari yana iya zama gado ne da ke jiran na biyu. Ko a karkararmu an san gidan da 'ya'ya ba su tsayawa, ba wanda ya ce uwar ce ke kashe su. Har ila yau, ba a gaya wa 'yan juri cewa uwa ta kashe 'ya'yanta biyu shi ma abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai ba, alhali kuwa tsakanin abubuwa biyu masu wuyar aukuwa a ke zaɓe. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Ingila ta fito fili a 2001 ta ce adadin ba shi da tushe. Sa'an nan aka gano cewa akwai sakamakon gwaji da ya nuna ƙwayar cuta a jikin yaro na biyu, wanda likitan da ya binciki gawar bai bayyana ba. A Janairu 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sake ta, bayan ta yi fiye da shekara 3 a kurkuku. Ba ta ƙara samun kanta ba, ta rasu a 2007. Tuhuma biyu ne, ko wacce ita kaɗai ba ta iya tsayuwa, aka jingina su da juna. Hujjar da ta kama Smith da gaskiya ita ce a zahiri aka yi wa wannan baiwar Allah amfani da ita, bambancin kawai shi ne a wurinta ba a fara kore sauran dalilai ba.

Malaman fiƙihu sun tsare wannan ta tasu fuskar, inda suka sa wa ko wace da'awa nata adadin shaidu, 2 ga sata, 4 ga zina, kuma waɗanda suka tabbatar da wannan ba su zama hujja a kan waccan ba. Mun kawo wannan ne domin da yawa daga cikin masu karatunmu su kan zauna a kwamitin binciken ma'aikaci ko a zauren sasanta 'yan kasuwa, a kawo musu takarda mai zargi goma a kan mutum ɗaya. Jarrabawar da ke kan ɗan juri ita ce a kansu.

Saura kuma hukuncin da ke karo da juna. Tun da ya ke 'yan juri ba su faɗin dalili, wani lokaci su kan fito da abin da ba ya haɗuwa. A zamanin da aka haramta giya a Amurka an sami wani mutum mai suna Dunn da laifin riƙe wurin da a ke ajiye giya don sayarwa, amma aka wanke shi daga mallakar giya da kuma sayar da ita, alhali shaidar ɗaya ce. Kotun Ƙoli a 1932 ta ce hukuncin ya zauna. A 1984 ta sake nanata haka a kan wata mata mai suna Powell, wadda aka wanke daga haɗa baki wajen fataucin hodar ibilis, amma aka same ta da laifin yin amfani da tarho don sauƙaƙa wannan fataucin da aka ce bai tabbata ba. Hujjar kotun ita ce ba wanda ya san ko sassauci ne 'yan juri suka yi mata a inda suka wanke ta, kuma tun da gwamnati ba ta da ikon ɗaukaka ƙara a kan wankewa, ita ma kada ta ci ribar saɓanin. Mu dai wannan hujja ba ta kwanta mana sosai ba. Lalle yana yiwuwa sassauci ne. Amma yana yiwuwa kuma ciniki aka yi a ɗaki, masu cewa ta yi da masu cewa ba ta yi ba suka gaji, suka raba biyu don kowa ya tafi gida. Idan haka ne, an ɗaure mutum a kan abin da wasu daga cikin masu hukuncin ba su gamsu da shi ba. Kotunan Ingila sun ɗan fi sauƙi, suna iya rushe hukunci idan wanda aka ɗaure ya nuna cewa babu juri mai hankali da zai iya kai wa ga amsoshin nan biyu tare, ko da ya ke ba kasafai a ke cin wannan ba. A nan alƙalin da ke zama shi kaɗai ya fi, don dalilinsa a rubuce ya ke, na sama da shi zai karanta ya ga inda ya karkace.

Abu na ƙarshe shi ne yawan tuhuma ba ya nuna girman laifi, balle tsawon ɗauri. Tuhuma 34 da aka sami Donald Trump da su a birnin New York ran 30 ga Mayu, 2024, al'amari ɗaya ne aka yanka gunduwa-gunduwa bisa yawan takardu: takardun neman biya 11, cak 11, da rubutu 12 a littafin lissafi. A Janairu 2025 alƙali ya sallame shi ba ɗauri ba tara. Chauvin da aka samu da laifi 3, a kan babban kaɗai aka ɗaure shi, shekara 22 da rabi, don dokar jiharsa ba ta yarda a hukunta aiki ɗaya sau uku ba. Holmes ta sami shekara 11 da wata 3 a kan huɗun da suka tabbata, ukun da aka kasa haɗuwa a kansu kuwa gwamnati ta janye su, ko da ya ke tana da ikon kiran sabon juri. Manafort ya sami wata 47 a wannan shari'a, daga baya Trump ya yi masa afuwa a Disamba 2020. Mu ma a gida mun ga irinsa. Tuhuma 170 hukumar EFCC ta shigar a kan James Ibori, tsohon gwamnan jihar Delta, babbar kotun tarayya a Asaba ta yi watsi da su duka a Disamba 2009. A Landan guda 10 ya amsa da bakinsa a Fabrairu 2012, tun ba a kai ga 'yan juri sun ji shaida ba, aka ɗaure shi shekara 13.